Ɗigo Uku a Wuyan Fok

Ma'auni ake ce masa, kuma ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa. Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran tsofaffin kekunan ƙarfe a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene. Hannu kam yana da shi, wannan ba a hana shi ba. Ka kawo masa keken da tsatsa ta cinye har kaji na kwana a kai, bayan sati biyu ka zo ka rantse ba naka ba ne. Amma bakinsa ya fi hannun aiki. A wurinsa duk mai gyaran keke a garin mahauci ne, masu fenti 'yan rufa-rufa, masu walda kuwa ko ambatonsu ba ya so.

Tela maƙwabcinsa shi ke shan wannan karatu kullum. Ya haddace shi tsaf, har da wurin da Ma'auni ke daka ƙirji ya ce duk fok ɗin tayar gaba da ya taɓa gyarawa sai ya buga masa ɗigo uku da ƙusa a wuya, can ciki inda giris ke rufewa. "Aikina ba ya ɓuya, kuma ba ya kunyata ni. A nemo wanda ya taɓa faɗuwa a keken da na taɓa!" Tela sai ya ce to, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ran nan da hantsi wata mata ta turo baƙin keke, taya duk a sace, sirdi ya tsage, kariyar baya mai faɗi irin ta masu raba wasiƙu. Ta ce na mahaifinta ne, shekara goma sha tara yana jingine a bayan ɗaki. So take a wanke shi, a yi masa fenti, tsohon ya gan shi yana ƙyalli ko ya ji sanyi a ransa.

Ma'auni bai ko dubi fentin ba. "Hajiya, kwalliya daga baya take. Fok ake fara dubawa." Ya nuna mata ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya hango shi daga gefe. Ya ja zare daga wuyan keken zuwa ƙasa, ƙafar hagu ta ƙi bin zaren. Ya shafa babban yatsa a inda ƙafafun suka haɗu, ya ji fenti ya tattare kamar fatar gwiwar hannu. Da ya goga samfefa kaɗan sai ga ƙarfe ya yi shuɗi-shuɗi, ga tsaga siririya ta zagaye rabin ƙafar.

Shi ke nan, an taɓo masa inda yake so.

"Tela! Ajiye almakashin nan ka zo ka ga ta'asa!" Tela ya leƙo da tef a wuya. "Ka ga wannan? Keken nan ya taɓa yin karo, fok ya lanƙwashe. Maimakon a jefar a sa sabo, wani jaki ya gasa shi da wuta, ya zura bututu ya miƙar, ya shafe da fenti. Ƙarfen da aka gasa ai ya mutu! Yau lafiya, gobe lafiya, ranar da aka taka birki a gangare sai ya saki. Wannan ba mai gyara ba ne, makashi ne. Wallahi da ina da iko, guduma ma ba zai ƙara riƙewa ba."

Sai matar ta ce, "A gangare Baba ya faɗi."

Ta zauna a kan bencin da babu wanda ya yi mata tayinsa, ta faɗi sauran. Ƙugu ya karye, har yau da sanda yake tafiya. A wurin aiki aka ce mugun gudu yake yi ɗauke da wasiƙun mutane, aka sallame shi. 'Yan'uwansa ma ganganci suka kira abin, har yau in ya yi magana a taron gida sai wani ya tuna masa. Shi kuwa bai taɓa kare kansa ba.

"Malam, kana nufin ba laifinsa ba ne?"

"Laifinsa? Ko a hankali yake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai sai ya faɗi! Ki kai ni gaban 'yan'uwan nasa, ni zan faɗa musu da bakina." Ma'auni ya ji daɗin kansa ƙwarai, har wani tsayi ya ƙara. "Bari ma in zare fok ɗin. Irin waɗannan sakarkarun wani lokaci sukan bar shaida, mu san wanda za mu tsine wa."

Ya kwance kan keken, ya sassauta goro da sifana, boris suka zubo suna gangarawa ƙarƙashin benci. Ya zaro fok, ya tsoma tsumma a kananzir, ya murza wuyan sau biyu yana 'yar waƙarsa. A na uku waƙar ta tsaya.

Ɗigo uku ne, a jere, tsaf-tsaf, bugun mai alfahari da aikinsa.

Nan take safiyar ta dawo masa. Yana buɗe shago ke nan, wani mai raba wasiƙu ya turo keke ya ce amalanke ya buge shi, ga jaka cike, ga rana tana yi. Babu sabon fok a shagon, shi kuma a lokacin ya fi ƙarfin ya ce babu. Ya aro wuta wurin mai walda, ya miƙar, ya shafa fenti. Har ya tuna yadda ya gyara tsayuwa kafin ya buga ƙusar.

Ya ɗora babban yatsa a wurin ya danne. Kunya ta kama shi, tsoro ya fi kunyar yawa. Idonsa ya kai kan magagari da ke rataye a bango: shafa biyar, ɗigon sun tafi. Kaico, mai neman a tsine wa wani, ga shi yana lissafin yadda zai goge shaida.

"Ka samu wani abu?" in ji matar.

"Tsatsa ce kawai."

Tela dai bai koma shagonsa ba. Shekara talatin ana cika masa kunne, yau ya ga wuri. Ya gyara tabarau, ya matso. "Tsatsa? Ɗaga yatsan mana, Ma'auni, mu ma mu ga tsatsar."

Yatsan ya yi nauyi, amma ya ɗagu. Tela ya sunkuya yana ƙirgawa da ƙarfi, a hankali, kamar mai auna wuyan riga. "Ɗaya. Biyu. Uku. Ikon Allah! Hajiya, mai wannan alamar na san shi. Kullum yana cewa a nemo masa wanda ya taɓa faɗuwa."

Matar ta dubi ɗigon, ta dubi Ma'auni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Da zan fito, Baba ya ce in kai keken ko'ina ban da shagon ƙarƙashin bene. Ya ce mutumin yana da iyali, a bar shi ya ci abincinsa. Na ɗauka rikicin tsufa ne."

Ta miƙe, ta karɓi fok ɗin daga hannunsa, ta naɗe shi a tsumman kananzir ɗin.

"Rufe shagon, Malam. Ka ce da bakinka za ka faɗa musu, kuma duk suna gida."