Waken Ma'u

Madam Karimatu, malamar 'yan ajin farko a unguwar Birketiri ta Yawunde, ta shigo ranar Litinin da ƙwaryar wake da wata sabuwar doka. Ta fara musu tatsuniyar wata kaza da ta haɗiyi ƙwayar wake ya tsiro mata a ka, tana zuwa nan ta ja bakinta ta tsuke. Kowa ya shuka nasa a gwangwani, in ji ta. Duk wanda wakensa ya tsiro, shi zai ɗora tatsuniyar, da duk yaren da ya ga dama.

Aji ya kaure da ihu, amma ba wanda ya kai Ma'u murna. Tun da babanta tela ya kawo su daga Daura, ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, don Faransancinta bai wuce "wi Madam" ba. Tatsuniya kuwa, ai a cinyar kakarta ta tashi.

Waken Baballe ne ya fara leƙowa, sai Baballe ya kai kazar kasuwar shanu ta Etudi. Da na Haman ya tsiro, ya sa ta a tasi zuwa unguwar Tsinga. Kaza dai ta sha yawo, gwangwanin Ma'u shiru kamar an shuka dusa, har ta fara kuka a ɓoye.

Madam ta ɗaga gwangwanin, ta ji shi da nauyi, ga wari.

"Ma'u, ina hujin da na ce kowa ya yi a gindinsa?"

"Na toshe da ƙullin tsumma, Madam. A garinmu ba a barin ruwa ya zube."

Ashe duk ruwan da aka tafka, sai ta ruga ta tara gwangwanin a bakin indararo. A Yawunde fa, inda sama ba ta gajiya! Wake ya sha har ya ruɓe.

Madam ba ta yi dariya ba, ko da yake ta so. Ta zare tsumman, ta ba ta sabuwar ƙwaya.

Safiyar da ɗan koren kai ya ɓullo, Ma'u ta shigo a guje, kallabi a hannu, tana ɗaga gwangwani sama. Sai Baballe ya ce, "Ai kowa ya yi nasa, tatsuniya ta ƙare!"

Ma'u ta sauke gwangwanin.

"Wa ya ƙare ta?" in ji Madam. "Kazar tana Tsinga, ba wanda ya mai da ita gida. À toi, Ma'u, saura ke."

Ma'u ta tsaya gaban allo. Ta yi kukan kaza, ta yi muryar direban tasi, aji ya kwashe da dariya. Aka kaɗa ƙararrawar tashi, ba wanda ya ɗauki jakarsa.

"Sai me, Ma'u?" in ji Baballe. "Don Allah, sai me?"