Rabin Kwalin Gadon Jariri

Da kafaɗa Ramiro ya ɓalle ƙofar, don an sa mata sakata ta ciki, kuma ya buga har hannunsa ya yi tsami. Ɗumi ne ya fara dukan fuskarsa, irin mai nauyin nan da ke sa mutum hamma. Mahaifiyarsa, Doña Ercilia, tana kujerarta ta kullum kusa da murhun gas na ɗumama ɗaki, kai ya langaɓe a kafaɗa, hular jaririn da take saƙawa ta zame ƙasa. Ta haɗa shayin mate tana jiransa, kamar yadda ta saba duk tsakar rana idan ya ajiye tasinsa, amma ruwan ya riga ya huce. Kyanwarta na kwance ƙarƙashin tebur, ko kunne ba ta motsa ba.

Ya kira ta, ya girgiza ta. Ta buɗe ido da ƙyar, ta ambace shi da sunan mahaifinsa, wanda ya rasu tun Ramiro bai fara gemu ba. Ya sungume ta, ya fito da ita cikin iskar garinsu Río Gallegos, can kudancin Ajantina, wadda tun shigowar hunturu take kaɗawa kamar da gayya, ya kwantar da ita a kujerar baya.

A asibiti suka rufe mata hanci da baki da robar iska, suka bar shi tsaye a baranda. Can wata likita ta fito ta tambaye shi ko tsohuwar ta yi kukan ciwon kai kwanan nan, ko jiri, ko yawan barci. Ya ce duk ta yi, shi ne ma ya ce mata tsufa ne, ya sayo mata ƙwayoyi. Likitar ta ce ba tsufa ba ne. Guba ce da murhu ke fitarwa idan bai sami iska ba, ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana zaune za ta lallaɓa shi ya yi barcin da ba a tashi. Ta ce tsohuwar za ta farfaɗo, amma kada kowa ya zauna a gidan sai mai gyaran gas ya duba.

Ya kira matarsa Yanina, wadda cikinta ya tsufa, ya gaya mata a takaice don kada ya tayar mata da hankali. Muryarta ta fito a kasalance. Ta ce za ta zo da yamma, yanzu ɗan nan nasa da ke cikinta ya sake saka ta ciwon kai da tashin zuciya, za ta ɗan kwanta.

"Kwanta ki huta," in ji shi. "Ki rufe ƙofa da kyau, ki ƙara wutar murhu."

"To, Lukuti," ta ce, sunan da take tsokanarsa da shi. "In za ka dawo ka sayo salatif, namu ya ƙare."

Don Lisandro ne mai gyaran gas na unguwar, shi ya kafa murhun tun mahaifin Ramiro na da rai. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya buɗe duk tagogin gidan, ya miƙa wa maƙwabciya kyanwar, wadda ta fara rarrafe. Sannan ya kunna murhun ya kira Ramiro ya gani. Harshen wutar ya tashi rawaya, yana lilo kamar na kyandir. Tsohon ya ce wutar lafiya shuɗiya take, tsaye ƙyam. Ya shafa bangon da ke saman murhun, ya nuna masa yatsa baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya tambayi yaushe rabon a buɗe cikinsa a share, Ramiro ya ce bai sani ba.

"Ba ka sani ba. Mota dai kana kai ta gareji, ko? Wannan ma haka yake, kafin kowane hunturu. Numfashi yake yi kamar ni da kai, ɗan nan. Ina kafar iskar ɗakin nan?"

Bai jira amsa ba, don shi ya fasa ta da hannunsa. Ya ja doguwar kujera gefe, ya durƙusa yana nishi. A ƙasan bango, inda ya kamata a ga raga tana shigo da iskar waje, kwali ne, an yanka shi daidai wa daida, an bi gefunansa da salatif ba ko lanƙwasa.

"Wanda ya yi wannan gwani ne," in ji Don Lisandro. "Ko kafinta sai haka. Saura kaɗan a ba shi aikin akwatin gawar ma."

Ya ci gaba da mita yana ɓamɓarewa, wai rabin garin nan haka suke yi, wani da tsumma, wani da ulun tumaki, kowa na faɗa da iska. Ramiro bai ji sauran ba. Ranar Lahadin da ta wuce yake gani a ransa, bayan sun ci gasasshen rago, uwarsa na cewa iska na cizon ta a idon sawu. Shi ya durƙusa a nan, ya auna, ya yanka. Da ya gama ta kama kumatunsa ta ce duk cikin 'ya'yanta auta ne kaɗai ke tausayinta.

"Ni ne," ya ce, da muryar da shi kansa bai gane ba.

Tsohon ya dube shi, ya daina barkwancin. Ya juya kwalin a hannunsa kamar mai neman abin da zai ce. A bayan kwalin akwai hoto: rabin gadon jariri, da kan wani jariri yana dariya, almakashi ya raba shi daga ƙirji.

"Sabon kwali ne," in ji Don Lisandro a hankali. "Ina ɗaya rabin?"

Ɗaya rabin yana gidan Ramiro, a ɗakin kwana, a ƙasan bangon da ke kallon gadon Yanina. Rana ɗaya ya liƙa su duka, don kada sanyi ya kama mai ciki. Kuma shi ne ɗazu ya ce ta rufe ƙofa, ta ƙara wuta.

Ya kira ta yana gudu zuwa mota. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. Bai san yadda ya ratsa garin ba, ya dai tuna wata mata ta ɗaga masa hannu a bakin titi, ya wuce ta kamar bai taɓa tuƙa tasi ba. Makullin ya faɗi daga hannunsa a bakin ƙofa, ya ɗauka, ya sake faɗi.

Ɗakin kwanan a rufe yake. Murhun bango na ci, wutarsa rawaya. Yanina na kwance cikin bargo, ta juya baya, wayarta a ƙasa. Ya kasa ƙarasawa. Ya tsaya yana kallon bargon, yana jira ya ga ko zai ɗaga.

Sai ya ji wani ƙaramin sauti, fat, fat, fat. Kwalin ne. Iska ta ɓalle shi daga sama, gefe ɗaya kawai ya rage a liƙe, yana ta dukan bango, ƙafafun jaririn hoton na lilo. Sanyi na kwararowa ta ragar har yana kaɗa labule.

Bargon ya motsa. Yanina ta juyo, ta dafe goshi, ta yamutsa fuska.

"Ya jikin Mama?" ta ce. "Dubi kwalin nan naka, ya hana ni barci. Tun ranar Lahadi nake cewa ka sake liƙe shi, kullum sai ka ce gobe. Ka sayo salatif ɗin?"

Ramiro ya kashe murhun. Ya fizge kwalin, ya buɗe taga har ƙarshe, sannan ya naɗe ta da bargon ya ɗauke ta cak, tana tambayarsa ko ya haukace. Sai da ya zaunar da ita a kujerar baya, inda uwarsa ta kwanta ɗazu, ta ga fuskarsa, ta daina tambayar.

Ya tayar da mota zai nufi asibiti, ta waiga.

"Lukuti, ka bar ƙofar gida a buɗe. Iska za ta cika ko'ina."

Ya dubi ƙofar ta madubi, tana kaiwa tana komowa.

"Bar ta ta shiga," in ji shi.