Sandar da Aghali Ya Sassaƙa

Ƙas! Tun kafin Manzo ya buɗe ido ya san wannan ba ƙarar ƙwallo ba ce. Ƙwallon na nan zaune a kan ɗan tulin yashin da ya ɗora shi, ko gezau. Kan sandar ne ya dare biyu, rabi ya yi gabas, rabi yana reto a bakin ƙarfen, shi kuma ƙarfen ya lanƙwashe daga ƙasa. Dutse guda ne tak a binne cikin wannan fako na bayan garin Tanout, kuma shi Manzo ya samu.

"Innalillahi," in ji shi. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Babu kowa sai wata akuya, ita ma ta daina tuƙa tana kallonsa.

Sandar ba tasa ba ce. Ta maigidansa ce, Mushe Garba, wato Monsieur Garba a bakin mutanen gari, injiniyan da ke shugabancin aikin haƙa rijiyoyi daga Gangara har Belbédji. Ɗan Damagaram ne, ya yi karatu a Kanada, ya komo da takardu da tabarau da wata doguwar jaka cike da sandunan wasan da ake kira golf. Kullum bayan la'asar sai Manzo, direbansa, ya kawo shi wannan fako. Mushe ya zaro babbar sandar nan mai lamba ɗaya, mai ƙaton kan katako, ya narka wa ƙwallo duka, ƙwallo ya yi kwana ya faɗa dama cikin ƙarangiya. Daga nan aikin Manzo ne ya shiga ya nemo. Shekara biyu ke nan matarsa Tabawa tana tsince masa ƙarangiya daga wando.

Akwai ƙannen sandar a jakar, mai lamba uku da mai lamba biyar, gajeru, ƙananan kai. Mushe bai taɓa zare musu hula ba. Ya ce waɗannan na tsofaffi ne da masu koyo.

To, jiya Mushe ya bi motar wani babba zuwa taro a Damagaram, ya bar jakar a bayan Landirobar da Manzo ke tuƙawa, sai yau da la'asar zai dawo. Shi kuma Manzo ya daɗe yana gaya wa zuciyarsa cewa in shi aka bai wa sandar nan, bugu ɗaya ƙwallon zai sauka Agadas. Abin da mutum ya kalla shekara biyu, ai ya iya. Ga iyawar nan a hannunsa, gida biyu.

Ba tsadar sandar ce ta fi tayar masa da hankali ba. Ranar da aka ɗauke shi aiki Mushe ya ce masa, "Taɓa komi a motar nan, ban da jakar nan." Kuma Mushe ba ya faɗin magana sau biyu, mai gadin ofis ma da ya kunna masa rediyo bai ƙara kwana a bakin aiki ba. Ga shi bana, shekarar tamanin da huɗu, damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye. Ƙanen Manzo ya taso daga Falanko da iyalinsa kaf ya sauka a gidansa. Baki goma sha ɗaya ke jiran wannan makullin mota.

Ya naɗe gutsattsarin a rawaninsa ya nufi gida. Tabawa na tankaɗe ya shimfiɗa mata su a gaba. Ta duba su, ta dube shi.

"Malam, wannan ba sandar Mushe ba ce? Wadda kake kwaikwayonsa da ita da muciyata?"

"Ita ce."

"Kai da ka ce za ka aika ƙwallo Agadas?"

"Tabawa, ba ba'a na zo nema ba."

"Ai ba ka nema ba ta zo. Ɗan akuya ya je neman ƙaho ya dawo ba kunne." Ta karkaɗe hannu, muryarta ta sauka. "Wallahi abin ba na wasa ba ne. In aka karɓe makullin nan, me za mu gaya wa mutanen da ke ɗakin can? Tashi ka je wurin Aghali. Wanda ya sassaƙa sirdin raƙumi ba zai kasa wannan dunƙulen ba."

Aghali maƙerin Buzaye ne, rumfarsa na gefen kasuwar dabbobi. Ƙira yake, sassaƙa yake, kuma ba ya gaggawa ko da gobara ce. Sai da ya gama zuba shayi, ya miƙa wa Manzo kofi, sannan ya karɓi gutsattsarin. Ya haɗa su, ya jujjuya, ya shinshina katakon.

"Me ake kashewa da wannan?"

"Ba a kashe komi. Ƙwallo ake bugawa." Manzo ya fito da ƙwallon daga aljihu. "Irin sandar nan nake so sak, Aghali. Tsawo ɗaya, kai ɗaya, launi ɗaya. Kafin la'asar. In ba haka ba na mutu."

"Ba ka mutu ba, ga ka kana shan shayi. Yaya mai ita yake bugu? Ni ba na yi wa gatari ƙota sai na ga hannun mai sara."

Nan fa aka zo fagen Manzo. Ko a ranar mutuwarsa, in aka ce ya kwaikwayi Mushe Garba sai ya tashi. Ya ɗauki wani kara, ya buɗe ƙafafu, ya turo gindi baya ya kaɗa shi sau uku. Ya zaro harshe gefen baki. Ya ɗaga karan har sai da ya kusa faɗuwa, ya ɗago kai sama tun kafin kara ya iso ƙasa, ya wulwula a kan diddige ɗaya. Sannan ya kare ido da tafin hannu yana hangen gaba can nesa, a hankali ya juya dama, ya girgiza kai ya ce, "Iska ce!"

Raishatu matar Aghali, da ke dukanci a ƙuryar rumfar, ta yi dariya har basilla ta faɗi daga hannunta. Aghali bai yi dariya ba. Ya ce a sake, aka sake.

"Wannan sanda ta fi ƙarfin mai ita," in ji shi. "Ta yi masa tsawo, shi ya sa take jansa. Ka ga fuskarta kuma, a tsaye take kamar bango, sai gwani. Muna samari mun buga ƙwallon goruba da karkatacciyar sanda, na san abin. Mutum irin wannan gajera yake so, mai fuska a kishingiɗe, ita za ta ɗaga masa ƙwallon ba sai ya yi kokawa ba."

"Yana da gajerun, ba ya so! Don girman Allah ka yi mini irin wannan."

"To, to," in ji Aghali, ya jawo wani guntun itacen aduwa ya ɗauki gizago.

Manzo ya zauna yana kallo har rana ta take. Ya ga an yanke lanƙwasasshen bakin ƙarfen, kusan faɗin hannu guda, ya yi magana, aka ce masa ƙarfen da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Ya ga kan yana fitowa bai kai na da girma ba, ya yi magana, aka ce iyakar itacen ke nan. Ya lallashi kansa da cewa in aka shafa baƙin man takalmi, aka mayar da hular, wataƙila a kwana biyu ba a gane ba. Da aka kira azahar ya tafi masallaci, daga can ya bi kanti neman man takalmin.

Da ya dawo, Aghali ya miƙo masa sandar da hannu biyu.

Manzo ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. An bi kan nan kaf da zanen wuta, layi-layi da ɗigo-ɗigo, irin na ludayin amarya. An lulluɓe ƙasansa da jan ƙarfe, an kafa ƙusoshi ƙanana a jere. Raishatu kuma ta naɗe mariƙin da koriyar fata, har da tuntaye uku suna lilo.

"Aghali! Ka kashe ni! Sak na ce maka, sak!"

"Haba, abu ya fita daga hannuna tsirara? A ce a kasuwa aikin Aghali ne? Ai ko cokali ban taɓa sakinsa haka ba."

"Waye zai ce aikinka ne? Ɓoyewa nake so in yi!"

"A'a, ni ba a ɓoye aikina," in ji Aghali, ya koma kan zuga-zuginsa.

Babu lokacin sake wata. Manzo ya zura man takalmin a aljihu, ya sa wa sandar hularta, ya cusa ta a jaka da tuntayen can ƙasa. A hanya ya shirya ƙarya huɗu, da ɓarawo, da raƙumi, da ramin hanya, da aljanin fako. Ko wacce ya gwada a bakinsa sai ya ji ko akuyar ɗazu ba za ta yarda ba.

Mushe Garba ya iso da la'asar sakaliya, fuska a murtuke, da alama taron bai yi daɗi ba. Ko gida bai shiga ba ya ce, "Mu je fili." Suka je. Manzo ya sauke jaka, ya tara ɗan yashi, ya ɗora ƙwallo. Mushe ya kama hular lamba ɗaya ya ja. Sandar ta fito, tuntaye suka biyo baya.

Mushe ya ɗaga ta sama, ya bi ta da kallo daga kai har mariƙi.

"Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, ni ne. Na ɗauka da safe na gwada, na sami dutse, ta fashe. Na kai wa maƙeri ya yi mini irinta." Ya nuna ta da hannu. "Irintar ke nan."

Mushe ya faɗi wata kalma da Faransanci wadda Manzo bai taɓa jin ya faɗa ba sai ranar da rijiya ta rufta. Sannan ya miƙo hannu. "Makulli."

Manzo ya ciro makullin ya ajiye masa a tafin hannu. Fuskar Tabawa ya gani, da ƙanensa da ke sunkuyar da kai duk lokacin da aka kawo akushi.

Mushe ya jefa makullin a aljihu. Ya tsaya yana huci, yana jujjuya sandar, kamar mai neman inda zai wurga ta. Ga ƙwallo kuwa a gabansa a kan yashi, ga haushi a ciki. Ya gyara tsayuwa ya kai masa duka.

Tau! Ƙwallon ya tashi sama, ya miƙe sambal, ya je ya sauka can kusa da bagaruwar da Mushe ya shekara biyu yana nufa bai taɓa zuwa ba.

Mushe ya kare ido da hannu. Ya saba juyawa dama, har wuyansa ya fara, ya dawo da shi. "Sa wani," ya ce.

Manzo ya sa. Na biyu ya bi sawun na farko. Na uku ya ɗan karkata, amma a fili ya faɗi. Mushe ya ɗaga sandar ya auna ta da mai lamba uku, ya ga kusan tsawonsu ɗaya. Ya shafa fuskarta da babban yatsa. Ya daɗe yana kallon gajerun sandunan nan biyu da ke sanye da hulunansu.

"Maƙerin nan ya taɓa ganina ina wasa?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To wa ya ba shi awona?"

Manzo ya dubi ƙasa. Makulli dai ya riga ya tafi, me ya rage? "Ya ce in nuna masa yadda kake bugu. Na nuna masa."

"Nuna mini."

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri."

"Yadda ka yi masa. Duka."

Ya miƙa masa sandar. Manzo ya karɓa, ya yi bisimilla a zuci. Ya buɗe ƙafafu, ya turo gindi ya kaɗa sau uku. Ya ɗaga sanda, ya ɗago kai, ya wulwula a kan diddige, tuntaye na kaɗawa. Ya kare ido ya hangi gaba, ya juya dama a hankali, ya girgiza kai. Muryarsa ta fito 'yar siririya.

"Iska ce."

Ko ganyen bagaruwa ba ya motsi a filin nan. Mushe ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Haka nake?"

"Ranka ya daɗe, na ma rage. Ban sa harshen ba."

Gefen bakin Mushe ya motsa. Ya juya baya da sauri ya yi tari, tarin ya ɗan daɗe, kafaɗunsa na girgiza. Da ya juyo ya sake ɗaure fuska, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓi sandarsa, ya sa hannu a aljihu, ya cillo makullin. Manzo ya cafe da hannu biyu.

"Gobe ƙarfe shida za ka kai ni Tenhya. In ka ƙara taɓa jakar nan, ko inuwarta, ka san sauran. Je ka kwaso ƙwallayen."

Manzo ya sunkuya ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, kamar kullum, ya kama hanyar dama ya nufi ƙarangiya. Ya yi taku goma sai ya ji murya a bayansa.

"Manzo! Ina za ka? Gaba suke."