Abin da Ke Cin Intanet ɗin Gidan

Sati uku ke nan rautar gidan, na'urar da ke raba intanet, tana wasa da hankalin kowa. Ta kawo intanet na minti goma, ta ɗauke, fitilarta ta koma ja. Mai ɗinkin da ke aure a gidan ce ta fi kowa ji a jika, don ta kiran bidiyo take nuna wa kwastomominta aiki, kuma sau biyu maganarta na tsinkewa ana tsakiyar zaɓen yadi.

Gidan na gado ne, na wa da ƙani. Yayan mijinta, wanda ake kira Injiniya ko da yake soket ma sai an gyara masa, yana ɓangaren gaba. Ita da mijinta Auta suna baya, har da ɗakin da ta mayar shagon ɗinki. Rautar kuwa tana kan ɗan teburi a barandar da ta haɗa su.

"Ke matar Auta," in ji Injiniya wata safiya, yana tsaye da kofin shayi, "tun da kika shigo gidan nan da wayoyinki uku abin nan bai sake lafiya ba."

"Biyu ne, Yaya. Kuma shekarata huɗu a gidan, ciwon kuwa na sati uku ne."

"Bakinki ya fi kekenki gudu."

A ranar ya canza lambar sirri bai gaya mata ba. Ta yini tana aiki da datar wayarta, tana jiyo shi daga baranda yana tsaki, yana cire filogi yana mayarwa, don rautar ba ta fasa halinta ba. Da yamma ya turo lambar ta hannun Auta, ba ko kunya.

Ran Asabar ta ce ya isa haka. Ta kifa rautar, ta kira lambar kamfani da ke liƙe a ƙasanta. Wata mata mai haƙuri ta ɗauka, ta sa ta ɗauke rautar daga kusa da firji, ta kakkaɓe ƙurar da ta toshe ramukan iska, ta matse wayar da ta yi sako-sako. Bayan minti goma fitila ta sake yin ja.

"To, Hajiya, buɗe shafin rautar a wayarki, za ki ga jerin duk abin da ke haɗe da ita. Ku kashe komai na gidan, ki gaya min abin da ya rage."

Ta bi ɗaki-ɗaki. Talabijin, kwamfutar Auta, wayoyin yara, har wayar matar Injiniya, wadda ta miƙo tana harara. Injiniya kansa sai da ya ja rai kafin ya kashe tasa.

"Saura uku," ta ce a waya. "Ɗaya tawa ce. Biyun ban san su ba."

"Karanto min sunayensu."

Ta karanto haruffa da lambobi. Matar ta gane su.

"Waɗannan kyamarori ne. Ba sa hutawa, aika hoto suke yi ba tsayawa, rautarku kuma ƙarama ce. In sauran na'urori suka hau, sai ta gaji ta zubar da kowa. Kun sa kyamarar tsaro?"

Mai ɗinki ta ɗago kai. Injiniya ya tsura wa shayinsa ido kamar wani abu ya faɗa ciki.

Ba ta sha wahalar nema ba. Ta farko tana maƙale a bayan fitilar baranda, tana kallon ƙofar shagonta. Ta biyun sai da ta hau kujera. Tana cikin shagon kansa, a ramin iska na saman taga, ta saito daidai wurin da take auna mutane. Ta fizgo ta har da wayar wutarta, ƙura ta zubo mata a ka.

Ta ciro ta barandar ma, ta dire su a kan teburin, kusa da rautar.

"Yaya, ga wayoyina uku."

"Gidan ubana ne," ya ce, muryarsa ta hau. "Maza na shiga suna fita da sunan awo. Dole in san abin da ake yi a ƙarƙashin rufina."

"Matan mutane suna cire mayafi a ɗakin nan! 'Ya'yan mutane suna gwada kaya! Sati uku kana zaune kana kallo, sannan ka fito ka ce ni na lalata rauta?"

Matar Injiniya ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, ta shige ɗaki, ta bugo ƙofa.

Mai ɗinki ta juya ga Auta, tana jira ya yi magana irin ta miji. Ya tsaya jikin bango yana murza zoben hannunsa. Da ya buɗe baki, ba ita ya kalla ba.

"Haba Yaya. Ai ɗaya ka ce min, ta baranda."

A hannunta wayar tana nan a buɗe, matar kamfani na tambaya a hankali ko intanet ya dawo.

"Ya dawo," ta ce. "Na gode, 'yar'uwa."

Auta ya biyo ta yana cewa ta tsaya ta saurare shi, wai don a zauna lafiya ne ya yarda. Ta rufe ƙofar shago a fuskarsa, ta murɗa mukulli. Ta zauna gaban keke ba ta taɓa shi ba. Can ta jawo littafin awo, ta fara kiran matan da suka zo cikin satin ukun ɗaya bayan ɗaya, don gara su ji daga bakinta. Ta uku da ta kira, mijinta lauya ne, ta ce suna nan tafe kafin azahar, kada a ƙara taɓa kyamarorin.