Kalmar da Aka Hana a Gidan Kuwahara

Da Kuwahara ya dawo daga sayen ruwa, a zaune ya tarar da maƙwabciyarsa Fumie a gindin matattakalar tashar jirgin ƙasa, hularta a karkace, jakarta can gefe.

"Inna, lafiya? Me ya faru?"

Tsohuwar ta buɗe baki, ta dube shi, sai ta rufe. "Ɗan zama na yi," in ji ta. "Da sauri dai na zauna."

Ya ɗaga ta, ya kakkaɓe mata riga, bai ƙara tambaya ba. Hankalinsa yana gida. Jibi 'yarsa Kanae za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma kamar kowane gida mai ɗan jarrabawa a ƙasarsu, wata guda ke nan ba a furta "faɗuwa" ko "zamewa" a gidansu. Shi da karatunsa ya tsaya a sakandare ya fi kowa tsanantawa. Ko makon jiya da Fumie ta leƙo ta shinge ta ce ƙanƙara ta faɗo daga rufinta, sai da ya ɓata rai.

"Haba Inna! Yarinyar tana jin ki fa."

"To, uban farfesa, na tuba. Na ɗinke bakina har sai sakamako ya fito."

Shekararta tamanin da ɗaya, kuma bana ne karon farko da aka karɓi aikinta a babban baje kolin bargunan faci na Tokyo. Ɗanta Noboru yana Osaka, aiki ya riƙe shi. Kuwahara ya ga bai dace matar da ta yi renon Kanae ta tafi ita kaɗai ba, ya rako ta.

Zauren ya cika da mata, barguna sun fi dubu a rataye. Nata yana can lungu, shuɗi, ta haɗa shi da ƙyallayen tsofaffin rigunan aikin mijinta marigayi. Ta daɗe a gabansa tana riƙe da hannun Kuwahara.

"Dubi can, ɗinkin ya karkace. Ranar ce ka zo kana mini kukan lissafin Kanae."

"Ni ban ga komai ba."

"Kai da ko maɓalli ba ka iya sawa ba, me za ka gani?"

A jirgin dawowa ta fara dafe kai. Ta ƙi taɓa shinkafar da ya saya mata. Kafin su yi rabin hanya ta yi amai a leda, tana ta ba shi haƙuri. Abin da ya fara zuwa ransa mura ce, irin wadda ke kwantar da mutum mako guda. Ya ciro takunkumin fuska na biyu ya ɗora a kan wanda yake sanye da shi. Ta gan shi.

"Koma waccan kujerar," ta ce a hankali. "Kada ka kai wa yarinyar."

Ya koma. Daga can yana kallonta tana gyangyaɗi, har ya ji daɗi, wai barci zai yi mata magani. Da suka iso unguwa da la'asar, a bakin ƙofa ya ajiye mata jaka. Bai ko cire takalmi ba.

Washegari har hantsi tagoginta a rufe. Matarsa ce ta shiga da mabuɗin da Fumie ta ba su ajiya, ta fito a guje.

A asibiti likita ya ce jini ne ya taru a cikin kanta. "Ta faɗi ne kwanan nan? Ta bugu a kai?"

"Ta ce zama ta yi."

Likitan ya dube shi ta saman tabarau. "Irin wannan, in an zo da wuri, muna iya cire shi."

Ta rasu washegari da rana, Kanae na cikin ɗakin jarrabawa. Sai da yarinyar ta gama takardar ƙarshe aka gaya mata.

Ranar jana'iza Noboru ya rusuna wa Kuwahara har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. "Na gode, Kuwahara-san. Kai ka cika mata burinta, ni ɗanta na kasa." Kuwahara ya rusuna shi ma, ya daɗe bai ɗago ba.

Shi ne ya dawo gida a ƙarshe. Kanae ta fito da ɗan ƙunshin gishiri, don ta barbaɗa masa a kafaɗa kafin ya shiga, yadda ake yi wa duk wanda ya dawo daga jana'iza. Sakamakon jarrabawa sai nan da mako uku.

"Juya, Baba."

Bai juya ba.

"Kanae, faɗuwa ta yi. A tasha ta faɗi, kanta ya bugu. Ta so ta gaya mini. Ni na hana ta kalmar."

Yarinyar ta tsaya da hannu a sama. Wani mai keke ya wuce, ya gaishe su. Suna tsaye a bakin ƙofa, ita daga ciki, shi daga waje, gishirin yana zuba kaɗan kaɗan ta tsakanin yatsunta a kan dokin ƙofa.