Santin da Pal-bok Ya Aro

Shekara arba'in da uku Mal-sun tana yi wa mijinta Pal-bok girki, bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi daɗi ba. Mazan birnin Daegu na Koriya ke nan, magana sai ka ce da awo ake ba su. Ya share kwano tas, ya ajiye cokali, ya ce, "Ruwa."

Da 'yarsu Bo-ram ta koya mata sa hoton girki a waya, sai ga yara daga ko'ina suna rubuta mata "jonmat". Santin 'yan intanet ne, wai daɗi ya kai ƙarshe, da ɗan ashar a jikinsa, amma yanzu har a bas ana jin sa. Abin ya yi mata daɗi, ya kuma ƙona mata rai.

"Baban Bo-ram, duba nan. Mutum ɗari biyu, ko ƙamshin ba su ji ba."

"Marasa aikin yi," in ji shi. "Ba ina cinyewa ba?"

"Kare ma yana cinyewa. Asabar zan bi jirgin ƙasa, na koma Seoul wajen 'yata. Can masu baki suke."

Mal-sun kuwa ba ta magana biyu. Ta sayi tikiti, ta haɗa kaya.

Ran Juma'a da rana ta dafa miyar waken da ta tsima da hannunta a tulu, ta jera kimchi, tsimammen kabeji mai yaji, da gasasshen kifi. Ta san hannunta sarai, ba shaida take nema ba. So take ta ji daga wannan bakin, shi ke nan.

Pal-bok ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Kunnuwansa suka yi jajir, ya gyara zama kamar mai shirin gaida kakanni.

"Jonmat," ya ce wa kwanon.

"Oh ni! Tsofai-tsofai da kai? Ka san me ke cikin kalmar nan kuwa?"

"Na sani. Na nemi tawa ta kaina kwana uku, ban samu ba." Ya juya cokali. "Tun miyarki ta farko nake jin daɗin nan. Wadda kika zabga wa gishiri a gidan babata."

Hawaye ya taho mata, ta yi tsaki ta kore shi.

"Miƙo kwanon, malam," ta ce. "Ka sake faɗin kalmar kuma."