Harshen Saniya da Bulon Leda

Shanu biyar suka rage wa yayana, Hamma Modibbo, a Miga. Ta shidan bara ta zame a bakin rijiya, inda daɓen siminti ya farfashe ya koma taɓo, ta karye, aka yanka ta. Duk shekara sai ya sake daɓen, duk shekara sai ya lalace. Mutanen unguwa suka ce rijiyar ce ba ta son siminti. Ni dai na yi shekara talatin ina koyar da kimiyya, ban taɓa gamuwa da rijiya mai ra'ayi ba. Na fi zargin ruwan kanwar da ake zuba wa shanun a kwami.

A bayan gidana a Dutse akwai Justina, 'yar Filato, tana narka ledar fiya wata a rabin duro, ta zuba garin dutsen da masu fasa dutse ke zubarwa, ta juya da shebur, ta buga bulo baƙi wuluk.

"Mama, wannan shekara ɗari zai yi," in ji ta.

"Ke yaushe kika fara yin sa?"

"Shekara biyu ke nan."

"To ba ni ɗaya. Sauran casa'in da takwas ɗin ma ji da su daga baya."

Na jiƙa bulon nata da na siminti a ruwan kanwa mai kauri, in fitar, su bushe a rana, in mayar, har sati huɗu. Na siminti ya fara zubar da gari. Nata ko gezau. Na naɗe shi a tsumma na shiga motar Miga, hadari ya riga ya fara haɗowa a gabas.

Hamma ya juya bulon da sandarsa, bai ko sunkuya ba.

"Leda, Iyatu? Kin manta curin ledar da mahauci ya ciro daga tumbin jar saniyata? Ita zan shimfiɗa musu?"

"Hamma, wannan ta daskare. Wata guda tana cikin kanwa, ruwan bai ci ta ba."

"Ruwanki yana da harshe ne, malama? Duk inda kanwa ta zuba sai shanu sun lashe. Wa kike tsammani ya cinye simintin? Rabi kanwa, rabi su."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce a kawo mini dutsen goge kaushi. Na shimfiɗa farin mayafina a ƙasa, na riƙa gurza bulon kamar yadda saniya za ta yi. Can sai ga baƙin ɓurɓushi a kan mayafin. Ba yawa, amma ga shi nan.

Hamma ya yi dariya har da tari. "Sai ki koma aji ki gaya wa yara."

"Na ji. Amma ina kanwar take kaiwa in ta zuba?"

Ya taka daga kwamin, ɗaya, biyu, uku, ya ja layi da sanda.

"A ina saniyar ta zame?"

Ya nuna gangaren da shanu ke bi su sauko rijiya, can bayan layin. Muka dubi juna.

Haka aka yi aikin. Daga kwami zuwa layin Hamma, inda shanu ke lasar kanwa, aka jera fasasshen dutse mai faɗi, wanda su ma masu fasa dutsen ba su da abin yi da shi. Daga layin zuwa ƙarshen gangare, bulon Justina. Da kanta ta kawo, ta kuma nace sai ta taɓa harshen saniya. Ta janye hannu da sauri.

"Mama, ai wannan magagari ne!"

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba da hantsi. Farar saniya mai ciki ce ta fara gangarowa. Ta tsaya, ta sansana baƙin bulon, ta lasa sau ɗaya. Hamma ya damƙe sandarsa. Sai ta girgiza kai, ta taka a hankali, kofatonta bai goce ba, ta wuce wajen dutsen ta ci gaba da lasarta.

Na sa wa bulon da ta lasa alama da ƙusa. Na ce wa Hamma kada kowa ya cire shi, zan dawo lokacin kaka in auna kaurinsa.